Kashi goma na Injiniya

Filin nawa yana bayan Arkilla a Sakkwato, ƙafa hamsin da ɗari, na saye shi tun 2019 na bar shi awaki suna kiwo a ciki. Sai a watan Janairun 2023, bayan mai gidan da nake haya a Mabera ya sake yi mini ƙari, na ɗauki wanda muke kira Injiniya na kai shi ya gani. A garin nan duk wanda ya rataya tef ɗin awo a ƙugu injiniya ne, amma wannan dai ya yi karatun gini a kwalejin fasaha, kuma na ga gidaje biyu da ya yi a Bado.

Ni jinga nake so. In ce masa ɗaki uku da falo da kicin da katanga, ya faɗi kuɗi, mu yi ciniki, ya miƙo mini makulli. Ya girgiza kai. "Malam, wanga zamani ba ni yin jinga. In na yanke maka kuɗi yau, siminti ya tashi gobe, ko dai in ci bashi in ƙarasa maka, ko in rage rodi in cika yashi ba ka sani ba. Ka biya kuɗin kaya da na ma'aikata yadda suke, ni kuma ka ba ni ladana a kai."

Ladan da ya nema kashi 15 cikin ɗari ne na duk abin da aka kashe. Na ce haba. Muka ja, muka ja, har na sauko da shi kashi goma, na koma gida ina yi wa uwargida alfaharin na iya ciniki. Ƙiyasin da ya rubuta a lokacin naira miliyan 18 ne, wato ladansa miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Abin da muka sa wa hannu bai cika shafi ɗaya ba. Ba mu faɗi abin da ake nufi da "abin da aka kashe" ba, ba mu faɗi wata nawa aikin zai ɗauka ba, ba mu yi zancen ragin da 'yan kasuwa ke yi wa mai sayen kaya da yawa ba.

Farkon aiki ya tafi lafiya, duk da ya faɗo daidai lokacin canjin kuɗi, sa'adda takardar naira ta yi wuya. Lebura ba ya karɓar taransifa, kuɗinsa yake so a hannu kafin magariba. Injiniya ne ke zagayen masu POS yana neman tsaba, yana biyan cajin da suke yankewa, kuma bai taɓa rubuta mini shi a lissafi ba. Ban lura da haka ba a lokacin. Abin da na lura da shi kawai shi ne an haƙa fandisho, an zuba kankare, bulo inci tara ya fara hawa.

Sai 29 ga Mayu, 2023 ta zo, aka cire tallafin man fetur. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 a gidan mai ta haura 500 cikin kwanaki. Tifar yashi ta tashi, tankar ruwa ta tashi, mai kura ma ya ƙara. Masana'antar siminti tana nan Kalambaina, kusan muna hango ta daga filin, amma farashi ba ya duba maƙwabtaka. Buhun da na fara saye wajen naira 4,500 ya yi ta hawa, har a watan Fabrairun 2024 ya ninka, abin ya kai sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da masu masana'antu aka yi maganar a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Ni kuwa albashina yana nan inda yake. Sau biyu aiki yana tsayawa, na farko wata biyu, na biyu kusan wata uku, saboda aljihuna ya bushe.

A nan ne zuciyata ta fara yi mini lissafi da dare. Buhun siminti kilo 50 ne jiya, kilo 50 ne yau. Magini iri ɗaya yake kwaɓa shi, Injiniya iri ɗaya yake tsayawa a kansa. To don me ladansa a kan buhun zai tashi daga naira 450 ya koma 900? Duk abin da ke sa ni kuka, shi riba yake ƙara masa. Har na fara zargin shawarwarinsa. In ya ce a sa rodi mai kaurin milimita 16 a ginshiƙan baranda maimakon mai 12, sai in ji kamar kashi gomansa yake kiwo. Wannan ita ce babbar cutar ladan kaso: ko mutum mai gaskiya ne, tsarin yana sa mai gida ya riƙa kallonsa da gefen ido, domin babu abin da zai ƙaru da shi in ya yi maka tattali.

Abin da ya fasa ƙwai ya faru a watan Maris na 2024, cikin azumi. Injiniya ya yi tafiya, magina suna jiran siminti, sai na je shagon da muke saye da kaina. Yaron shagon bai san ni ba. Da na ambaci sunan Injiniya, ya ce, "A'a, ai shi da ragin ɗari da hamsin ake ba shi a buhu. Amma rasit ɗin cikakke za a rubuta kamar kullum ko?" Na yi shiru. A hanya na buga lissafi: buhu wajen 400 muka saya a nan, naira dubu 60 ke nan. Kuɗin ba su da yawa a kan miliyoyin da na zuba, amma abin da ya ƙona mini rai shi ne a kan farashin rasit ɗin nake biyan kashi goma. Ya ci ragi, ya kuma ci lada a kan ragin.

Na so in sallame shi a ranar. Uwargida ce ta ce in fara zuwa wajen Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekara talatin da wani abu a harkar gine-ginen gwamnati kafin ya yi ritaya. Kawu ya ce in zo da mutumin bayan sallar asham, in zo da duk rasit-rasit.

Injiniya bai musa ba. Ya ce kamasho ne, kowa na karɓa, mai shago ne ke ba shi don ya kawo ciniki. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Injiniya, da kuɗin wa ka sayi simintin?" Ya ce da na Malam. "To kai wakili ne, ba ɗan kasuwa ba. Wanda aka aika kasuwa aka kuma biya shi ladan aike, in aka yi masa ragi, ragin na wanda ya aike shi ne. Ko mai sayar da kaya, in ya ce ga yadda na saya, ka ɗora mini riba kaza, malamai sun sa wannan cikin cinikin amana, ba ya halatta ya ƙara ko kwabo a kan asalin kuɗin." Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce zai mayar.

Ina shirin jin daɗi sai Kawu ya juyo kaina. "Kai kuma, ɗana, mi ka ɗauka kashi goman nan ke saye?" Ya sa Injiniya ya lissafa, ni kuma ina rubutawa. Man mashin ɗinsa, zuwa biyu a rana daga Gidan Igwai. Katin waya na kiran mai tifa da mai tanka da mai walda. Yaronsa da ke wuni a fili yana ƙirga buhu da bulo, shi ke biyansa. Baro da shebur da kwanonin ɗaukar kankare, nasa ne, kuma suna lalacewa. Cajin POS ɗin da na ambata. Wata kusurwa da magini ya karkatar, wadda ya sa aka rushe aka sake da kuɗinsa ban ma sani ba. Sai kuma wata biyar ɗin da na tsayar da aiki, yana leƙowa kada a sace rodi, ba a kashe ko sisi ba, don haka shi ma bai sami ko sisi ba.

Zuwa ranar na kashe miliyan 17, ya karɓi miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai cikin wata 14. Kawu ya ce in raba. Ya kama kimanin dubu 120 a wata, kafin a cire duk waɗancan. Kuma buhun shinkafar da ke tsada a gidana, shi ma da tsada yake saye. Ashe lissafina na dare rabin gaskiya ne. Aikinsa bai ƙaru ba, haka ne, amma nairar da na yi masa alkawari a Janairun 2023 ba ita ce nairar Maris 2024 ba. Kawu ya ƙara da abin da ban so ji ba: wanda ya matse ma'aikaci ya sauko da shi ƙasa da abin da zai riƙe shi, ya tura shi neman cikon a inda ido ba ya gani. Bai ce hakan ya wanke Injiniya ba, amma bai bar ni na fita fes ba.

A daren muka sake rubuta yarjejeniya, shafi uku wannan karon. Sauran aikin, wanda a ƙiyasin farko miliyan bakwai ne, yanzu ya koma wajen 14. In aka bi kashi goma zai karɓi miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, in aka bi tsohon ƙiyasi dubu ɗari bakwai. Muka tsaya a miliyan ɗaya da dubu ɗari, yankakke, ko kaya su tashi ko su sauka. Dubu 300 in an gama rufi, dubu 300 bayan filasta da wayarin da aikin famfo, dubu 300 bayan tayil da fenti, sauran dubu 200 kuma su zauna a hannuna sai damina ta gwada rufin. Kawu ya ce wannan ya ma fi kusa da abin da shari'a ke so, a san lada tun kafin a fara aiki.

Sauran sharuɗɗan ƙanana ne amma su suka kashe rigima. Duk ragi nawa ne, kuma manyan kaya ni zan tura wa mai shago kuɗi kai tsaye. Albashin mai gadi da kuɗin ruwa da na dako suna cikin kuɗin aiki, ni ke biya. Kayan aikinsa da mansa da yaronsa suna cikin ladansa. Kuskuren ma'aikatan da ya kawo, shi zai gyara. In na tsayar da aiki fiye da wata ɗaya, zan riƙa ba shi wani abu duk wata na kula da wurin. In kuma ni na canja tsari, sai an rubuta, an yi masa kuɗi, an ɗora masa kashi goma a kan wannan canjin kaɗai.

Wannan na ƙarshen ni ya fara kamawa. Bayan an gama filasta uwargida ta zo dubawa, ta ce ƙofar kicin ba za ta kalli falo ba, baƙi su riƙa ganin tukunyarta. Gaskiyarta ce, da ma ni ne ban nuna mata zanen ba tun farko. Aka fasa bango, aka zuba sabuwar linta, aka toshe tsohuwar ƙofa. Na biya kuɗin da ladan ba tare da ko tari ba, domin ga sa hannuna a takarda.

Wani abin da na gani bayan an yanke lada shi ne shawarar Injiniya ta dawo da daraja a kunnena. Da ya ce kada in sayi kwanon rufi mai arha saboda iskar farkon damina a Sakkwato ba ta wasa, na san ba abin da zai ƙaru da shi. Da ya ce tayil ɗin da na zaɓa na ɗakuna almubazzaranci ne, akwai mai rabin kuɗinsa da zai yi, nan ma na yarda. Haka ya dage a riƙa yi wa filasta ban-ruwa safe da yamma cikin zafin Afrilu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, duk da kuɗin tanka na ci mini rai. Ya ce siminti in ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi. Har yau ban ga tsaga a bangon ba.

Da aka tattara, ginin ya ci kusan miliyan 31, ladansa miliyan biyu da dubu ɗari takwas ban da na ƙofar kicin, wato kimanin kashi tara. Abokan aikina da ke shirin gini suna yawan tambayata kashi nawa ne daidai. Ina gaya musu cewa da zan sake, ba zan yi jayayya da 15 ɗin da ya fara nema ba yadda na yi. Zan karɓi wani abu tsakanin 12 da 15 a kan ƙiyasin da muka duba tare layi-layi, in mayar da shi kuɗi yankakke bisa matakai, da sharaɗin sake zama in aikin ya haura shekara. A ganina ƙaramin gida ya fi cancantar kaso mai kauri, domin zirga-zirgar mai kula ba ta raguwa don ɗakuna sun ragu.

Mun tare a farkon Yulin 2024. Mako biyu bayan nan aka yi ruwa da iska cikin dare, da safe na tarar silin ɗin sito ya jiƙe. Na kira shi bayan sallar asuba. Kafin ƙarfe tara ya iso da kafinta, suka hau, ashe ƙusa uku ne aka buga a gefen katako. Suka cire, suka toshe, suka canja allon silin ɗin, bai kawo mini rasit ba. Na jira har ruwan ƙarshe na watan Satumba ya wuce, sannan na tura masa dubu 200 ɗinsa. Ya turo saƙo cewa ya gani, ya kuma ce baronsa ɗaya yana bayan katangata, zai aiko yaro ya ɗauka.