Zanen da aka rataye a bango a Osogbo

Kaya na kai wa wani dillali a Osogbo, motar dawowa ta ce sai gobe, sai na shiga gari yawo. A wani lungu na ci karo da ɗan gidan baje kolin zane-zane, ɗaki biyu kacal, wata dattijuwa ke kula da shi. Hotunan fenti ban daɗe a kansu ba. Abin da ya tsayar da ni zanen adire ne guda ɗaya, irin rinin Yarbawa, an baza shi a bango, an haska masa fitila, ga sunan wadda ta rina shi a ƙasa.

Na ce, "Mama, a ba ni izini in shinshina." Ta kalli farcena da shuni ya riga ya kama, ta yi dariya, ta ce bismilla. Rinin ganyen baba ne na gaske, hanci ba ya yi mini ƙarya. Ta nuna mini yadda matansu ke zana ado da kullun rogo da gashin kaza kafin a tsoma, duk inda kullun ya zauna rini ba ya shiga. Mu ɗauri muka fi sani, da zare da allura.

Nan na tuna mahaifina a marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa tun 1498 take. Baba, toka, kanwa, ruwa, a bar rami makonni har ya nuna. Ina yaro nakan yi gaggawa, sai ya buge mini hannu: tsoma, ɗaga, jira. Zane yana fitowa kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonka. Mai duhu sosai kuwa yini guda yake ci, baya na ciwo. Har yau haka muke yi a wurina, sannan a kai wa mabuga su fito da sheƙinsa.

A can ban ji wanda ya taya ba. Mu kuwa mutum zai zo riƙe da na galura, ko wanda inji ya buga, ya ce, "Malam, ai ga irinsa a rabin kuɗi." Irinsa! Wanki uku ya koɗe.

Da na dawo Kano na sa ana ɗinka sunan marinarmu a gefen kowane zane. Na kuma rataye ɗaya a bangon shago, na ce ba na sayarwa ba ne. Kafin la'asar mutum uku sun taya.