Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Aikinmu A Bayan Igwa A Monrobiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya ne inda batirinmu, wato rukunin igwoyinmu, ya kafa igwoyi a gefen Monrobiya, babban birnin Laberiya, toh yau zan shiga yadda aikin ya kasance bayan ranar 15 ga Oktoba 1992, ranar da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka afka wa birnin a harin da ake kira Octopus, mu kuma dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, muna cikin birnin.

Wani ɗan uwa ya tambaye ni wai mutum nawa na harbe da igwa. Dariya ma ya ba ni wallahi. Ai ɗan atilare, wato sojan igwa, ba ya ganin abin da yake harbi, tsakaninmu da inda harsashi zai sauka akwai kilomita bakwai ko takwas, ga gidaje ga bishiyoyi ga fadama, abin da muke gani kawai lambobi ne. Igwarmu ƙirar Italiya ce mai baki milimita 105, iyakar zangonta kilomita 10 da 'yan kai, harsashi ɗaya kuma wajen kilo 15. Guda shida ne a batiri.

Idonmu shi ne wani laftanan da ke can gaba tare da sojojin ƙasa, shi da mai riƙe masa rediyo, yana kwance kan rufin bene ko cikin rami da tabarau mai hangen nesa da kamfas da taswira. Shi zai kira ya ba da lambar wurin a taswira. Daga nan aiki ya koma tantin lissafi, inda ake fitar da abu uku, ina bakin igwa zai fuskanta, yaya za a ɗaga shi, kuma caji nawa na albarushi za a sa. Ba da digiri muke auna kwana ba, da wani ma'auni ne da ake ce wa mil (ba mil na nisan hanya ba), da'ira guda mil 6400, kuma mil ɗaya tak idan ka kauce a nisan kilomita takwas ka kauce da kusan mita takwas kenan, toh ka lissafa idan wani mai gyangyaɗi ya ji 40 a maimakon 14. Shi ya sa mutum biyu ke yin lissafin kowa daban, sai amsarsu ta zo ɗaya ake aiko mana, mu ma duk lambar da aka faɗa sai mun maimaita ta da ƙarfi. Sajen igwarmu mutum ne mai haƙuri amma a kan wannan ba ya wasa, zai ce "kai yaro sake faɗa na ji", ka ce "na faɗa ai oga", ya ce "ban ji ba, sake".

Cajin nan albarushi ne a ƙananan jakunkuna guda bakwai cikin kwanson tagulla, in an ce caji biyar sai ka cire biyu ka ɗaga su sama saje ya gani da idonsa kafin a ɗura. Ragowar a tara su can nesa, daga baya a ƙone. Har zafin albarushin ana aunawa, don wanda ya sha rana ya fi tura harsashi nisa fiye da wanda ya kwana cikin sanyi, ga iska, ga cinyewar cikin bakin igwa in ta daɗe tana aiki, duk suna shiga lissafi.

Ba a fara harbi da igwa shida gaba ɗaya. Ɗaya ce ke fara gwaji, harsashi ya yi kusan rabin minti a sama, kowa ya yi tsit ana jiran rediyo. Sai ka ji laftanan ya ce ƙara mita 400. A sake, ya wuce, ya ce rage 200, ƙara 100, haka ake matse wurin kamar mai awo yana ƙara tsaba yana ragewa har sikeli ya tsaya, sannan a ce duka batiri su saki. A nan ne ƙasa ke rawa, hayaƙi ya cika maka hanci, kai dai ɗauko ka miƙa, ɗauko ka miƙa.

Abin da ya fi ba mu wahala fadamar da ta kewaye birnin ce, ta cikinta mutanen Taylor suka biyo. Harsashi ya faɗa taɓo ya nutse kafin ya fashe, laftanan ya ce bai ga komai ba, ka yi asarar harsashi ka yi asarar lokaci, dole a koma na hayaƙi don ya gane inda ya sauka, ko a sa fiyus mai agogo wanda zai fashe a sama kafin ya taɓa ƙasa. Mu ma inda muke ƙasar laushi gare ta, kowane harbi ƙafafun igwa suna ƙara nitsewa, saiti ya goce, sai an tsaya an sake duba sandunan saiti da ke kafe gabanmu. Da dare 'yar fitila ake maƙala musu. Sannan ga jama'a, birnin ya cika maƙil da 'yan gudun hijira, na sha jin an gama lissafi tsaf mun ɗura muna jira sai umarni ya zo a dakata, akwai farar hula kusa. A lokacin haushi muke ji don mun gaji, yanzu da na tsufa ina ganin waɗannan umarnin sun fi duk harbin da muka yi daraja a wurina.

Mu fa muna iya yin kwanaki a wuri ɗaya, mu haƙa rami mu jera buhunan yashi har mu shanya kaya. Da nake kallon bidiyon yaƙin Yukren da Rasha tun 2022 sai na ga wannan zaman ya ƙare. Jirgi maras matuƙi ne ke yin aikin laftanan ɗinmu, na'urar rada kuma tana bin harsashi tun yana sama ta lissafo daga inda ya taso, cikin 'yan mintuna amsa ta iso maka. Shi ya sa suke warwatsa igwoyi ɗaya-ɗaya a cikin bishiyoyi, su saki 'yan harsasai su ɓuya ko su tattara su bar wurin. Harsashin 'yan Yukren na milimita 155 ya haura kilo 40, kuma har yau da hannu yaran ke ɗaukar yawancinsa, na tausaya wa bayansu, ni da na ɗauki mai kilo 15 ma ga yadda nake tashi da safe, kunnen hagu kuma sai an ɗaga murya.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin daren da rediyon laftanan ya yi shiru muna tsakiyar gwaji, da yadda aka yi muka samo shi.