Jirgin Ƙasa na Haramain Bayan Sauka a Jidda

Mai niyyar Umara da zai hau jirgin ƙasa na Haramain, mai zirga-zirga tsakanin Makka da Madina ta Jidda, wanda ya fara aiki a 2018, ya kamata ya fara bincika inda jirginsa na sama zai sauke shi a Jidda. Tashar jirgin ƙasan tana haɗe da Tasha ta 1 ta filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, amma wanda aka sauke a tashar arewa ko ta alhazai sai ya nemi mota kafin ya isa gare ta.

Tikitin yana ɗauke da lokaci da lambar kujera, don haka ni ba na yankar wanda tazararsa da saukata ta gaza awa uku, domin layin duba fasfo da jiran kaya, musamman a watan Ramadan, sukan cinye lokaci fiye da yadda ake zato. Tafiya zuwa Madina kusan awa biyu ce. Wanda ya nufi Makka kuwa, sai ya ɗaura harami tun a sama, kuma ya sani cewa tashar Rusaifa, inda jirgin ƙasan ke tsayawa a Makka, tana da 'yar tazara da Masallacin Harami.