Ranar da jirgin ƙasa ya tashi a falonmu

Asabar, Tudun Wada, Kaduna.

Yau hazo ya sauka sosai, daga ƙofar gida ba ka hango ƙarshen layinmu. Tun da na dawo sallar asuba ban koma barci ba. Kwalin da ƙanin maiɗakina ya zo mini da shi daga Amurka kwanansa huɗu ke nan a saman durowa, na hana kowa taɓawa, na ce sai Asabar. Wata bakwai na yi ina ware ɗan abin da ya samu daga albashi saboda shi.

Da muka karya kumallo na sauko da shi, yara suka zagaye ni. A ciki akwai kan jirgi ɗaya irin na dizal, taragun kaya huɗu, guntayen layin dogo da idan an harhaɗa su suke zama zobe mai siffar ƙwai, sai ɗan akwatin da ake ƙara gudu da rage shi. Duk na hannu ne, a kasuwar intanet ta eBay muka same su wurin wani da ke rabuwa da tsoffin kayansa, kuma gaba ɗaya kuɗinsu bai kai na wayar hannu matsakaiciya ba. Babban ɗana ya ɗora kan jirgin a tafin hannunsa ya ce, "Abba, ai ko tsawon biro bai kai ba." Gaskiyarsa. Amma da ya matso da shi kusa da ido sai ya yi tsit, don ga matakalar da direba ke takawa, ga ƙarfen dafawa siriri kamar zare, ga ragar shan iska a gefe, har lambar jirgin ana karantawa.

Wannan shi ne bambancinsa da jirgin roba mai batir da ake sayarwa a kasuwa lokacin sallah. Na sayi irin wancan har sau biyu. Kwana uku ne yara su gaji da shi, layinsa ba ya haɗuwa da na kowa, in haƙori ɗaya ya karye shi ke nan. Waɗannan kuwa a kan ma'auni ake ƙera su, kuma kamfanoni da yawa sun yarda da ma'aunin. Nawa ana ce masa N: kowane abu an rage shi sau 160, tazarar dogo biyun kuma milimita 9 ce. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, ragin sau 87, tazara milimita 16.5. Mutanen Ingila nasu OO ne, sau 76, amma a kan layi ɗaya da HO yake tafiya. Akwai ma Z, sau 220, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, ƙanƙantarsa ta kai a shimfiɗa shi cikin jakar hannu.

Na daɗe zuciyata tana wajen HO, don ya fi cika ido, kuma yaro ya fi iya ɗora shi a kan layi. Wuri ne ya raba mu. Zoben HO yana cin faɗin kusan mita guda, shi ya sa masu yinsa suke amfani da cikakken falle na filawud, ƙafa 4 da ƙafa 8. A gidan haya mai ɗaki biyu da falo, ina zan kai wannan? Zoben N ɗina faɗinsa bai kai santimita 70 ba. Tsohuwar ƙofa ta ishe shi, har da ragowar fili na tasha.

Saboda haka wajen ƙarfe tara muka hau Keke Napep ni da yaron muka nufi Panteka. Ban taɓa shiga wurin nan na fito ba tare da na ƙara ganin girman mutanenmu ba: ƙarar guduma ta ko'ina, wannan na walda, wancan na lanƙwasa kwano, almajiran sana'a na kai da kawo. Wurin wani kafinta muka sami ƙofar ɗaki irin marar nauyin nan, gefenta ɗaya ya ɗan ci ruwa. Da na gaya masa abin da zan yi da ita sai ya ajiye zarto ya ce, "Malam, jirgin ƙasa fa ka ce? A kan ƙofa?" Na nuna masa hoto a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi ma yana yaro motar kara da ta gwangwanin kifi ba wanda ya kai shi iya ƙerawa a unguwarsu. Ya goge mini ƙofar, ya cire maƙalan, ya kuma cika mana leda da garin katako kyauta, ya ce in na rina shi kore zai yi ciyawa. Ban tambaye shi ba, shi ya hango.

Da muka dawo haɗa layin bai ɗauki minti goma ba. Layin na Kato ne, kamfanin Japan, irin wanda suke kira Unitrack: dogon a manne yake da gindinsa na roba mai kamar tsakuwa, kana turawa ya ce ƙas ya kama. Ga mai fara wannan sha'awa, ni dai a ganina in kuɗi kaɗan ne a fara kashe su a nan. Kan jirgi mai tsada a kan layin banza tuntuɓe zai yi ta yi, amma matsakaici a kan layi mai kyau sai ya yi ta tafiya sumul.

Sai na ɗauko wayar akwatin gudu zan soka a bango. Bakinta irin na Amurka ne, mai fale-falen ƙafa biyu, na har ɗauko abin haɗi na sa mata. Allah ya taimake ni, kafin in kunna na juya bayanta na karanta: bolt 120 kawai. Wutarmu ta nan 230 ce. Da na danna, da hayaƙi ne zai biyo baya, da wata bakwai ɗin nan sun tafi a banza. Jikina har ya yi sanyi. Duk wanda zai sayo irin wannan kaya ya riƙe wannan: na Amurka 120 ne, na Japan 100, sai in an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsa. Na Ingila kuwa wutarsu da bakin wayarsu duk irin namu ne, ba sai an nemi komai ba.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bakin titinmu, wajensa na garzaya. Ya saurare ni, ya juya kan jirgin ya duba ƙafafunsa, ya ce, "Ai wannan ba wata wutar kirki yake ci ba, ɗana. Bolt 12 ne iyakarsa." Ya yi mini bayanin da na karanta sau da yawa ban gane ba sai yau. Dogo ɗaya ke kawo wuta, ɗayan ke mayar da ita, ƙafafun jirgin su ɗauka su kai wa ɗan injin da ke cikinsa. Ka ƙara wuta ya ƙara gudu, ka juya wayoyin ya koma da baya. Ya ce ko dai in sayi na'urar rage ƙarfin wuta, ko ya haɗa mini wani akwatin. Na zaɓi na biyu. Ya ɗauko tsohuwar adafta mai bolt 12, da ɗan allon da ake rage gudun fankar sola da shi, da makunni mai juya wuta, ya zauna da dalma yana ɗigawa, yaron na tsaye a kansa ko ƙiftawa ba ya yi. Ya sa fis ƙarami a tsakani, ya ce ko cokali aka manta a kan layin ya haɗa dogo biyun, fis ɗin ne zai mutu ba jirgin ba. Cikin robar sabulu ya rufe komai. Ya kuma fitar da wasu wayoyi biyu masu baki, ya ce na batir ne, zan gode masa daga baya.

Akwai wani tsari da ake kira DCC, inda kowane kan jirgi ke da 'yar ƙwaƙwalwarsa, ka tafiyar da uku ko huɗu a layi ɗaya kowa da gudunsa, har da ƙara da fitila. Abin sha'awa ne, amma tsadarsa daban, kuma mai kan jirgi ɗaya ba ya buƙatarsa.

Bayan azahar muka ɗora jirgin, na murɗa. Ya motsa kamar taku ɗaya, ya tsaya. Na tura shi da yatsa, ya yi ɗan gaba, fitilarsa na ƙyafƙyaf, ya sake tsayawa. Autata ta dube ni ta ce, "Abba, ya lalace ne?" Ban iya ba ta amsa ba. Maiɗakina ce ta leƙo daga kicin, ta shafa yatsa a kan dogon ta nuna mini: ja wur. Awa biyun da muka yi a waje da taga a buɗe, ƙurar hunturu ta riga ta kwanta. Ga ƙafafun jirgin kuma da baƙin datti na shekarun da ya yi a ajiye. Wurin da ƙafa ke taɓa dogo bai fi kan allura ba, ƙura kaɗan ta isa ta yanke wuta. Ta kawo mini tsohon farin ƙyalle da kwalbar sifirit daga akwatin magani. Na bi layin kaf ina gogewa, sannan na shimfiɗa ƙyallen a kan dogo, na ɗora rabin ƙafafun a kai, na ba shi wuta suna juyawa, baƙin layi biyu suka fito a farin ƙyallen. Samfefa kam ba a kai ta kusa, tana karce dogon ne datti ya sami wurin zama.

Na sake murɗawa. Ya tashi a hankali, ya ja taragunsa huɗu, ya sha kwana, ya dawo ta gabanmu da ɗan sautinsa siriri, ƙafafun na cewa tik tik a kan kowace mahaɗa. Yara suka ɗauki ihu. Ni kuwa maƙogwarona ne ya cika.

Baba, mahaifina, yana jira. Bayan la'asar na je na taho da shi. Shekara talatin da wani abu ya yi yana aikin reluwe, a Down Quarters aka haife ni, kuma ƙarar jirgin dare ce ta yi mini renon barci. Shi ya fara gaya mini cewa dogo ya riga birnin nan girma: layin Baro zuwa Kano ya kammala a 1911, sai a 1917 Lugga ya taso da hedikwata daga Zungeru ya dawo Kaduna. Yanzu idonsa ya yi rauni, don haka na jawo masa kujera daf da ƙofar, na ba shi kan jirgin ya shafa.

Tambayarsa ta farko ita ce, "Wannan na faffaɗan layi ne ko na namu?" Na ce na faffaɗa ne, Baba, irin na Rigasa zuwa Idu da aka buɗe a 2016, mai milimita 1435. Ya gyaɗa kai ya ce nasu ƙafa uku da inci shida ne. Sai na ba shi labarin abin da na gano ya kuma faranta mini rai: yawancin jiragen Japan a kan wannan faɗin suke tafiya, milimita 1067, daidai da tsohon layinmu na Legas zuwa Kano, kuma ƙananan jiragensu na N, da suke ragewa sau 150, a kan wannan layin nawa mai milimita 9 suke hawa. Ke nan in na samu kan jirgin dizal na Japan na hannu, na yi masa koren fenti, zai yi kama da waɗanda ya sani. Ya ce in zan yi, kada in manta da taragon gadi a ƙarshe, jirgin kaya ba ya tafiya babu shi.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Na tuna da wayoyi biyun dattijon nan, na ciro batirin babur na maƙala, jirgi ya ci gaba da zagayensa cikin duhun magariba, 'yar fitilarsa na haska dogon gabansa.

Bayan mun yi salla yaron ya karɓi akwatin ya murɗe shi har ƙarshe, jirgi ya riƙa wucewa fiu. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, yaro, sassauta. Buhunan gyaɗa ka ɗauko, ba iska ba." Muka zauna muka yi lissafi a bayan kwalin. Jirgin kaya mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a daƙiƙa. In ka raba da 160, santimita 7 ke nan. Yaron ya ɗauko rularsa ta makaranta ya ajiye a gefen layi, yana ragewa yana ƙirgawa, har jirgin ya koma tafiya kamar mai nauyi a baya. Baba ya kasa kunne ga tik tik ɗin ya ce, "Yauwa. Haka yake shiga gadar kogin Kaduna."

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Na lulluɓe ƙofar da tsohon zanen gado saboda ƙura, na tura ta ƙarƙashin gadon yara. Maiɗakina ta ajiye mini kwalayen shayi da na ashana. Baba ya ce in zo gobe bayan azahar da takarda da fensir, zai zana mini yadda tashar Kaduna Junction take a zamaninsu, da inda tankin ruwa yake tsaye.