Yadda muka ɗaga manhajar albashi zuwa Spring Boot 3

A watan Nuwamban 2022 aka fitar da Spring Boot 3.0, tsarin da ake gina manhajojin Java a kansa, amma mu ba mu motsa ba sai da muka ga tallafin kyauta na 2.7 zai ƙare a ƙarshen 2023. Mu uku ne ke kula da manhajar biyan albashi ta wani kamfani, kuma ta daɗe tana tafiya a kan Java 8. Sabon tsarin kuwa ba ya karɓar ƙasa da Java 17.

Abin da kowa ke tsoratar da mu da shi shi ne sauyin suna daga javax zuwa jakarta, wato sunayen da ake kiran ɗakunan aikin Java EE (Java ta manyan kamfanoni) da su a cikin lambobin manhaja. Asalinsa, a 2017 Oracle ta miƙa Java EE ga gidauniyar Eclipse, sai dai ba a daidaita kan ci gaba da faɗaɗa sunan javax ba, shi ya sa aka koma jakarta. Na ɗauka nan za mu sha wuya. Ashe wannan ne mai sauƙin. OpenRewrite, kayan aikin da ke gyara lambobin manhaja da kansa, ya sauya mana kusan duka a yini ɗaya. Abin kiyayewa kawai, javax.sql da javax.crypto na Java ne kanta, ba a taɓa su.

Inda muka ji jiki shi ne wuraren da babu wani kuskure da ya fito a allo. Hibernate shi ne ke haɗa manhajar da rumbun bayanai, kuma ɗagawar ta kai mu daga na 5 zuwa na 6. Hibernate 5 yana ba duk teburan rumbunmu lambar shaida daga jeri guda ɗaya. Hibernate 6 kuwa kowane tebur yana nema masa nasa jerin. Da yake mun bar shi yana gyara tsarin rumbun bayanai da kansa, sai ya ƙirƙiri sababbin jeri, suka fara ƙirga daga 1. Gwajinmu duk ya wuce lafiya, domin a kan rumbu marar komai muke gwadawa. Sai da muka zuba kwafin bayanan gaskiya muka ga sabon ma'aikaci yana karo da lambar wanda ya shekara bakwai a kamfanin. Na yi tagumi ina tunanin da a ranar albashi hakan ta faru, mutane na jiran kuɗin cefane. Da saiti guda ɗaya muka mayar da tsohon salon, muka kuma hana Hibernate sake taɓa tsarin rumbun.

Na biyu ya fi ƙanƙanta. A Spring 6, wanda Spring Boot 3 ke tsaye a kansa, adireshin da ya ƙare da alamar / ba ɗaya ba ne da wanda babu ita. Manhajar wayarmu tana aika /albashi/, sabar ta ce ba ta san shi ba, sai 404, wato saƙon ba a samu ba. Duk abubuwan nan biyu a rubuce suke a bayanan ƙaura, ni ne na karanta su a gurguje.

Da zan sake, ba zan haɗa tsalle biyu ba. Zan fara kai manhajar 2.7 a kan Java 17, in share duk gargaɗin abubuwan da za a cire, musamman WebSecurityConfigurerAdapter, tsohuwar hanyar saita tsaron manhaja da Spring Security 6 ya kawar, in bar ta ta biya albashin wata guda a haka. Yanzu kowane daren Juma'a muna ɗaukar kwafin rumbun, mu ɓoye sunaye da lambobin asusun ma'aikata, a kansa gwajin Litinin yake gudana.