Faifan gilashi ba ya magana sai da rajistarsa

Kafin zuwan kyamarar dijital, a kan gilashi ake ɗaukar hoton sararin samaniya. Ana shafe fuska ɗaya da jelatin mai sinadarin azurfa, a ɗora faifan a jikin na'urar hangen nesa, a bar haske ya taru a kansa, wani lokaci fiye da awa guda. In an wanke, taurari su fito baƙaƙe. Cibiyar nazarin taurari ta Harvard a Amurka tana da irin waɗannan faifai sama da 500,000, har da na tasharta ta Arequipa a Peru, wadda aka mayar Afirka ta Kudu a 1927.

Sai dai faifai shi kaɗai rabin shaida ne. Ragowar tana cikin littafin rajista da mai kallo yake cikewa da daddare: lambar faifai, wace na'ura, ina aka auna, yaushe aka buɗe, minti nawa aka yi, ko akwai gajimare. Darajar tsohon faifai ita ce lokacinsa. Wanda ke bin tauraro mai ƙaruwa da raguwar haske, in bai san sa'ar ɗaukar hoton ba, bai samu komai ba.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Kafin 1 ga Janairu 1925, ranar masana taurari da ƙarfe 12 na rana take farawa, don kada kwanan wata ya sauya musu suna tsakiyar aiki. Saboda haka in rajistar 1910 ta ce ranar 5, awa ta 14, ana nufin ƙarfe 2 na daren da zai waye 6 ga wata. Wanda bai lura ba ya zame da awa 12. Wasu littattafan kuma da agogon taurari aka cike su, wanda ranarsa ta gaza tamu da kusan minti 4. Bayan an gyara wannan, tsakiyar ɗaukar ake lissafawa: lokacin buɗewa a haɗa da rabin tsawonta.

Akwai kuma rubutun hannu a bayan gilashin. A faifan Andromeda, wani babban tarin taurari, da masanin taurari Edwin Hubble ya ɗauka a Dutsen Wilson da ke California cikin Oktoba 1923, ya sa harafin N kusa da wani ɗigo, yana zaton "nova" ne, wato tauraro da haskensa ya ɓarke kwatsam kamar sabo. Daga baya ya soke, ya rubuta "VAR!" da jan tawada, saboda ya gane tauraro mai sauya haske ne. Da shi ya nuna Andromeda tana can nesa da tarin taurarinmu. Irin wannan tawada tana rufe taurari wajen sikanin, wato kwafe faifan zuwa kwamfuta, shi ya sa ake gogewa. A ganina kada hannu ya taɓa ta sai an ɗauki hotonta, da na ambulan ɗin da ake ajiye faifan a ciki.

Ajiya ba ta son ganganci. A tsaye ake jera faifai a kan gefensu, kowanne cikin ambulan marar asid, don in an kife su kan juna nauyi zai fasa na ƙasa. A riƙe ta gefe, kada yatsa ya sauka kan jelatin. Danshi ya tsaya wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100: in ya yi yawa hunhuna ta ci jelatin, in ya yi ta hawa da sauka shafen ya ɓamɓare. A Janairu 2016 bututun ruwa ya fashe, faifai kusan 61,000 na Harvard suka jiƙe. Sai aka gaggauta daskarar da su don tsayar da hunhuna, daga baya aka riƙa tsaftace su ɗaya bayan ɗaya.