Gidan Makama a wayoyin ɗalibaina

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Kano, kuma abin da ya daɗe yana damuna game da kai ɗalibai gidan tarihi shi ne, ziyarar takan ƙare a bakin ƙofa. Sukan zaga Gidan Makama, su ji cewa an gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, su ga ƙyauren tsoffin ƙofofin ganuwa da kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa a 1903, sannan su koma gida, mako guda ya ishe su su manta da rabin abin da suka gani.

A zangon da ya wuce sai na raba ajin ƙungiya-ƙungiya, kowace da wayar hannu guda ta wani daga cikin iyaye, na kuma buɗe mana zaure a WhatsApp. Bayan mun nemi izinin ma'aikatan gidan, kowace ƙungiya ta ɗauki hoton abu ɗaya, ta kai shi gida, ta tambayi dattawan unguwa abin da suka sani a kansa, ta turo amsar cikin zauren domin sauran su tattauna.

A nan ne na ga abin da ban taɓa samu a cikin aji ba. Ƙungiyar da ta zaɓi lifidi ta samu wani tsoho da ya yi musu bayanin yadda ake cusa auduga a ɗinke shi ya kare doki daga kibiya, waɗanda suka zaɓi babbar riga kuwa sun je wurin wani maɗinki da ya nuna musu yadda ake zana adon aska takwas a jikin riga kafin a sa allura. Saƙon murya ya fi rubutu amfani nesa ba kusa ba, domin dattijon da ba zai zauna ya rubuta layi biyu ba, zai yi minti goma yana magana idan jikarsa ce ke riƙe da wayar. Daga nan muka shiga kundin gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, wanda kowa ke iya dubawa kyauta a intanet, muka kwatanta rigunan ƙasar Hausa da ke can da wadda ke gabanmu. Ɗalibai sun lura cewa bayanin da ke ƙarƙashin wasu hotunan gajere ne ƙwarai, abin da maɗinkin ya gaya musu ya fi shi yawa, kuma wannan ya sa suka fara ɗaukar ilimin gidajensu da daraja.

Wani abokin aikina da ke koyarwa a Damagaram ya shigo da ɗalibansa cikin zauren. Da aka zo kan yaƙe-yaƙen Damagaram da Kano na zamanin Sarkin Kano Alu, a ƙarshen ƙarni na 19, sai ga labari iri biyu, kowane ɓangare da abin da ya ji daga kakanninsa, na can suna kuma alfahari da igwogin da aka ƙera a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu. Ban yanke musu hukunci ba. Na dai sa kowa ya faɗi daga wa ya ji, shi ma wancan daga wa ya ji, wanda a ganina shi ne ainihin aikin ɗan tarihi.

Wahalhalun ma a fili suke. Kuɗin data ya yi wa wasu iyaye nauyi, sai muka taƙaita bidiyo muka tsaya kan hoto da murya. Wasu dattawan ba su yarda a yaɗa muryarsu ba, kuma mun girmama hakan, domin amana ce aka ba yara. Dole ne kuma malami ya riƙa tantance abin da ake turowa, saboda hoton bogi da labarin ƙanzon kurege na yawo a intanet da sunan tarihi.

Yanzu muna rubuta bayanan da aka yarda mu yaɗa cikin Hausa, da niyyar miƙa kwafi ga ma'aikatan Gidan Makama, mu kuma roƙe su su duba yiwuwar ajiye lambar da mai ziyara zai haska da wayarsa kusa da kowane abu, ya saurari bayanin da bakin mutanen da suka gaji sana'ar.